Ina Kwana da Na'urar CPAP, Amma Gyangyaɗin Rana Bai Bar Ni Ba

Tambaya: Likita, shekarata hamsin da 'yan kai. An yi mini gwajin barci aka ce numfashina na yawan ɗaukewa da dare, aka ɗora ni a kan na'urar hura iska ta CPAP. Wata takwas ke nan ina kwana da ita. Maiɗakina ta ce minsharin ya tafi. Amma har yanzu ina gyangyaɗi a ofis, ina yi a wurin huɗubar Juma'a, kwanan nan ma barci ya fizge ni a kan sitiyari a hanyar Kaduna. Na'urar ce ba ta yi mini aiki, ko akwai maganin da zan ƙara?

Amsa: Malam, sannu da fama, Allah ya ba ka lafiya. Zan fara da maganar sitiyari, domin ita ce ba ta jira. Ka dakata da tuƙin doguwar hanya har sai an gano bakin zaren wannan matsala. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, ke nan idan ido ya rufe na daƙiƙa huɗu kacal, ta yi tafiyar fiye da mita 100 babu mai riƙe da ita. Sauke gilashi, ƙara sautin rediyo, tauna goro, wanke fuska, duk ba sa hana wannan fizgar, saboda tana zuwa ne ba tare da sallama ba, sau da yawa ma mutum ba ya sanin ya yi ta. In tafiyar ta zama dole, ka shiga motar haya ko ka ba wani ya ja. In kuma barci ya taso maka kana tsakiyar hanya, ka faka a wuri mai aminci ka runtsa na minti 15 zuwa 20, sannan ka ƙarasa inda ya fi kusa.

Sai batun na'urar. Kada ka jingine ta. Tun 1981 da likita Colin Sullivan ya fito da wannan dabara a birnin Sidni na Ostireliya, har yau ita ce kan gaba wajen maganin toshewar maƙogwaro a cikin barci, kuma shaidar da maiɗakinka ta bayar tana nuna na'urar na yin wani abu. Sai dai tafiyar minshari ba ta nufin an gama. Aikin CPAP guda ɗaya ne: ta tura iska mai ɗan ƙarfi ta riƙe maƙogwaro a buɗe, kada naman wurin ya rufta idan jiki ya saki. Tana yin wannan aiki ne a sa'o'in da takunkumin yake kan fuskarka kaɗai, kuma ba ta taɓa sauran abubuwan da ke sa mutum barci da rana. Mafi yawan masu kuka irin naka, idan aka bi diddigi, sai a tarar ko dai akwai wani yanki na darensu da na'urar ba ta rufe ba, ko barcin nasu gaba ɗaya ya yi kaɗan, ko kuma akwai wata lalura ko wani magani a gefe da ba a lura da shi ba. Wani bincike da aka yi a Faransa aka buga a 2009 ya duba mutum kusan 500 da suka shekara suna amfani da CPAP. Kashi 12 cikin 100 sun ce har lokacin suna fama da barcin rana. Da aka ware masu ciwon damuwa da masu wasu cututtukan barci na daban, sai adadin ya sauko zuwa kashi 6. Wato kukanka sananne ne, amma waɗanda za a ce an gyara musu komai kuma barcin ya ƙi tafiya ba su da yawa, kuma ba a saka mutum cikinsu sai an gama bincike.

Kafin komai, likitanka zai so ya tabbatar ko barci ne ke damunka ko gajiya. Mai gajiya yana jin jikinsa ya mutu, ba shi da kuzari, amma in ya kwanta da rana barcin ba ya zuwa. Mai gyangyaɗi kuwa da zarar ya zauna shiru, sai kai ya fara lilo. Dalilansu sukan bambanta, maganinsu ma haka. Abin da ka bayyana gyangyaɗi ne na gaske. Ana auna shi da wasu tambayoyi takwas da Murray Johns ya tsara a asibitin Epworth na birnin Melbon a 1991: yaya yiwuwar ka yi barci kana karatu, kana kallon talabijin, kana zaune a taro, kana fasinja a mota na awa guda, kana hira da wani, bayan abincin rana, da makamantansu. Kowace tambaya maki 0 zuwa 3 ce, jimilla 24. Wanda ya haura 10 ana ɗaukarsa mai barcin da ya wuce ƙima. Ka nemi a cike maka ita yanzu, a kwatanta da makin da ka samu kafin ka fara na'urar. Wani yakan sauko daga 19 zuwa 12 ya ce bai ga canji ba, alhali an yi rabin tafiya.

Yanzu ga inda na fi zargi, kuma nan zan daɗe. Kusan duk na'urorin yanzu suna da katin memori ko manhajar waya da ke rubuta abin da ya faru kowane dare: awa nawa ta yi aiki, iska nawa ta zurare, sau nawa numfashi ya tsaya duk da tana kunne. Idan mutum ya ce mini yana kwana da ita kullum, nakan yarda da shi, sannan in buɗe katin. Abin da ake yawan gani shi ne layin ya fara ƙarfe goma sha biyun dare ya yanke ƙarfe uku da rabi ko huɗu. Mutumin bai yi ƙarya ba, kullum ɗin yana sa ta. Amma ya tashi fitsari bai mayar ba, ko an ɗauke wuta, ko ya cire ta cikin magagin barci ya ajiye a gefen filo bai sani ba.

Akwai wata ƙa'ida da ta yaɗu cewa awa 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare, ya wadatar. Wannan ma'auni ne da masu inshorar lafiya a Amurka ke amfani da shi wajen yanke hukuncin ko za su ci gaba da biyan kuɗin na'ura. Ba shi ne abin da jiki ke buƙata ba. Binciken da Terri Weaver da abokan aikinta suka buga a 2007 ya nuna cewa amfanin yana ƙaruwa ne da ƙaruwar sa'o'i: a wajen awa 4 mutane da yawa sukan fara jin sauƙi a bakinsu, amma sai wajen awa 6 gwajin asibiti ke nuna barcin rana ya daidaita, kuma sai wajen awa 7 da rabi harkokin yau da kullum ke komawa yadda ya kamata.

Kuma ba duk sa'o'in dare ne darajarsu ɗaya ba. Barcin mafarki, wanda a cikinsa tsokokin jiki ke sakewa gaba ɗaya, ya fi taruwa a kashin ƙarshe na dare zuwa wayewar gari. A lokacin ne maƙogwaro ya fi saurin ruftawa, ɗaukewar numfashi ta fi tsawo, iskar oksijin ta fi faɗuwa a jini. To dubi yadda darenmu yake. Mutum ya kwanta sha biyu da takunkumi, ya tashi kiran assalatu ya cire, ya yi alwala ya tafi masallaci, ya dawo ya kishingiɗa a falo ko a kan sallaya har bakwai da rabi. Wannan barcin na bayan Asuba, awa ɗaya da rabi ko biyu, shi ne mafi haɗari ga mai irin ciwonka, kuma shi ne ake yi babu na'ura. Sai ya tashi da nauyin kai da bushewar baki, ya ce na'ura ba ta aiki. Na'urar kamar gidan sauro take, wanda ya fito daga cikinsa ƙarfe huɗu ya ƙarasa barci a tsakar gida, sauro zai cije shi komai kyan gidan. Ƙa'idar ita ce duk lokacin da za ka rufe ido, ka sa takunkumin: bayan Asuba, ƙailular rana, daren da ka kwana a ƙauye, daren otal. A watan azumi ma haka, inda barcin ke rarrabuwa tsakanin bayan tarawihi, bayan sahur da hantsi.

Wutar lantarki kuma babbar matsala ce da littattafan Turai ba sa lissafawa. In aka ɗauke wuta ƙarfe biyun dare na'ura ta tsaya, mutum ya farka yana jin kamar an toshe masa hanci, ya fizge takunkumin, shi ke nan daren ya tafi. Wanda ya kashe kuɗi ya sayi CPAP bai gama sayayya ba sai ya tanadar mata batir nata na kanta, ko ƙaramar infata, ko layin sola da ba ya mutuwa kafin safiya. Injin hura iskar ba ya cin wuta sosai. Abin da ke shanye batir shi ne ɗumama ruwa da ɗumama tiyo, saboda haka a daren da wuta ta yi ƙaranci ana iya kashe ɗumamar a bar iskar. Na'urori da yawa kuma suna da wayar da ke haɗa su kai tsaye da batir, wadda ta fi bi ta infata tattalin wuta.

Idan sa'o'in sun cika, sai a duba zurarewar iska. Takunkumin da ke yoyo ba ya kai ƙarfin iskar da aka tsara zuwa maƙogwaro, sannan hucin da ke bugun ido da ƙarar da yake yi suna ta tsinka barci ba tare da mutum ya tuna ba. A na'urorin kamfanin ResMed, misali, zurarewar da ta wuce lita 24 a minti ana ɗaukarta ta yi yawa. Robar da ke manne wa fuska tana tsufa cikin 'yan watanni, ta yi laushi ko ta tsage, man shafawa da maiƙon fuska kuma suna hana ta kamawa. Mutane sukan ƙara ɗaure igiyar da ƙarfi har ta bar shaida a karan hanci, alhali matsewar na lanƙwasa robar ta ƙara yoyon. A wanke fuska kafin a kwanta, a wanke robar da sabulu mai laushi, in ta tsufa a canza. Masu gemu da gashin baki suna shan wahala da babban takunkumin da ke rufe hanci da baki, domin roba ba ta manne wa gashi. Ba sai an taɓa gemu ba. Akwai ƙaramin nau'i mai 'yan kawuna biyu da ke zama a ƙofar hanci kaɗai, kuma yawanci shi ke raba gardama.

Da hunturu kuwa sai matsalar ta sauya kama. Iska ta bushe, ƙura ta cika gari, hanci ya toshe, mutum ya buɗe baki cikin barci, iskar da ke shiga ta hanci ta fice ta baki. Alamar ita ce tashi da maƙogwaro a bushe ƙamas. Nan ne tankin ruwan na'urar ke da amfani, a zuba ruwa mai tsabta a canza shi kullum. Ruwan gishiri na wanke hanci yana taimakawa, mai yawan atishawa da toshewar hanci kuma likita na iya rubuta masa feshin da ya dace. Amma ka kiyayi ɗigon buɗe hanci irin su Otrivin fiye da 'yan kwanaki, domin in aka daɗe a kansa hancin yakan ƙara toshewa da zarar ya sake. Ka buɗe bayan na'urar ka dubi 'yar matatar iskar. Fara ce idan sabuwa, amma a Kano ko Zinder cikin watan Janairu, sati biyu sun isa su mayar da ita ruwan ƙasa.

Daga nan sai ƙarfin iskar kansa. Katin zai nuna sau nawa numfashi ke tsayawa ko raguwa a kowace awa duk da na'ura. Abin da ake nema shi ne ƙasa da 5. In ya fi haka, wataƙila ƙarfin da aka saita ya yi kaɗan. Na'urori masu daidaita kansu sukan fito daga kamfani a buɗe daga ƙarfin iska 4 zuwa 20, kuma idan aka bar ƙasan a 4, mutum mai kauri yakan sha toshewa da dama kafin na'urar ta hau inda ya kamata, ta sauko, a sake maimaitawa. Ƙiba ma na canza lissafi. Binciken da aka daɗe ana yi a jihar Wiskonsin ta Amurka ya nuna a shekarar 2000 cewa ƙarin kashi 10 na nauyin jiki na tafiya da ƙarin kusan kashi 32 na yawan ɗaukewar numfashi, ragin kashi 10 kuma na rage ta da kusan kashi 26. In ka ƙara jiki tun bayan gwajin farko, saitin da aka yi maka ya zama na wani mutum. Haka nan wanda ya sayi na'urar hannu ko aka aiko masa da ita daga waje, sau da yawa tana ɗauke da saitin mai ita na farko. In ta Philips ce tsohuwa, a duba lambarta, domin a watan Yuni na 2021 kamfanin ya yi kiranyen miliyoyin na'urorinsa saboda soson rage ƙara da ke ciki yana iya ruɓewa, zafi da laima kuma na hanzarta hakan.

Kada ka ƙara ƙarfin da kanka. Akwai wani nau'in ɗaukewar numfashi da ba toshewa ba ne, ƙwaƙwalwa ce ke jinkirin ba da umarnin a ja numfashi, maƙogwaro a buɗe amma ƙirji shiru. Wasu yakan bayyana musu ne bayan an fara CPAP, ƙarin ƙarfin iska kuma na iya tsananta shi. Ga mafi yawansu yana lafawa cikin wata biyu zuwa uku, amma kai da ka kai wata takwas, in katin ya nuna shi, sai an duba zuciyarka da magungunan da kake sha. Akwai na'ura ta musamman da ake kira ASV domin wannan nau'i, sai dai wani babban gwaji da aka buga a 2015 ya nuna ta ƙara mace-mace a tsakanin masu raunin bugun zuciya, shi ya sa ba a ba da ita sai an yi hoton zuciya. Sannan ga mai ƙiba sosai da ke tashi da ciwon kai, ƙafafu na kumbura, akwai yiwuwar numfashinsa ba ya zurfi har gurɓatacciyar iska na taruwa a jini dare da rana. Gwajin jini na bayikabonet kan ba da haske, in ya kai 27 ko fiye sai a zurfafa bincike, kuma irin wannan majinyaci wani lokaci na'ura mai ƙarfin iska hawa biyu yake buƙata. Lissafin da na'ura ke yi wa kanta ma ba ya rasa kuskure, musamman in tana yoyo. Shi ya sa idan aka rasa bayani, akan sa wa mutum ɗan abin auna oksijin a yatsa ya kwana da shi, ko a maimaita gwajin barcin yana sanye da na'urarsa.

To a ce duk wannan lafiya lau. Tambaya ta gaba mai sauƙi ce, amma ita ce mutane suka fi kauce wa: awa nawa kake barci? Baligi na buƙatar aƙalla awa 7. Wanda ya zauna majalisa ko kallon ƙwallon Turai har sha ɗaya da rabi, ya shiga ɗaki ya ɗauki waya har ɗaya saura, ya tashi biyar, barcin awa huɗu da 'yan mintuna ya yi. Ko maƙogwaronsa a buɗe yake tsaf, zai yi gyangyaɗi a huɗuba, haka ma wanda ba shi da ciwon komai zai yi. Ƙara da shayin dare mai kauri, Nescafé, goro ko lemon ƙara kuzari da yamma. Sinadarin kafin da ke cikinsu yakan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, saboda haka kofin ƙarfe tara na dare yana nan yana aiki har Asuba, yana hana barci nauyi, gobe kuma a ƙara sha don a kori gyangyaɗi. Gwajin da nake ba da shawara ba ya cin ko kwabo: sati biyu, ka rubuta lokacin kwanciya da na tashi kullum, ka matso da kwanciyarka gaba da awa guda, ka tsayar da shayi da goro daga La'asar, takunkumi kuma a fuska duk tsawon barcin. Mutane da dama a nan matsalarsu ke ƙarewa.

Sai jakar magunguna. Piriton da yawancin magungunan mura da tari na kemis suna sa barci har washegari. Haka magungunan buɗe ciki da ake sha don a yi ƙiba, masu ɗauke da cyproheptadine. Haka Valium da danginsa, waɗanda ban da barcin da suke jawowa suna ƙara sakin naman maƙogwaro. Amitriptyline da pregabalin da ake ba masu ciwon suga saboda zafin ƙafa, carbamazepine na farfaɗiya, Aldomet na hawan jini, duk suna cikin jerin. Tiramadol da kodin sun fi muni, domin suna danne cibiyar numfashi a ƙwaƙwalwa su haifar da ɗaukewar da CPAP ba ta iya gyarawa. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayu na 2018, amma bai ɓace daga hannun mutane ba. Giya ma tana tsananta toshewar. Jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba, su ma a faɗa wa likita. Ba ina cewa ka tsayar da wani magani da kanka ba, musamman na hawan jini ko na farfaɗiya. A kai wa wanda ya rubuta, sau da yawa akwai madadi, ko a mayar da shan sa zuwa dare.

Gwajin jini kaɗan ne ake buƙata: yawan jini, suga, aikin ƙoda, da ƙwayar tayirod ta wuya, wadda raguwar aikinta ke kawo kasala, jin sanyi, ƙiba, har da ƙarin toshewar maƙogwaro. Sugan da bai daidaita ba da kumburin furostet (ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji) suna tayar da namiji mai shekarunka fitsari sau uku ko huɗu a dare, kowace tashi kuma dama ce ta a manta da takunkumi. Ka tambayi maiɗakinka ko kana shure-shure cikin barci, ka kuma lura ko da dare kana jin wani abu na yawo a cikin ƙafafunka da ba ya lafawa sai ka motsa su ko ka tashi ka taka. Wannan lalura ce mai zaman kanta, tana da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, kuma ana maganinta.

Ciwon damuwa na cikin manyan dalilan da ake tsallakewa, musamman a wurin maza magidanta, waɗanda ba su saba cewa ransu ba daɗi ba. Sai dai su ce jiki ya mutu, abinci ba ɗanɗano, kasuwa ko ofis sun fita daga rai, zama cikin mutane ya zama nauyi. In akwai wani abu mai kama da haka tare da kai, ka faɗe shi a fili a gaban likita. Ba rauni ba ne, ba kuma ƙarancin tawakkali ba ne, ciwo ne da ke da magani, kuma ba a rabuwa da barcin rana matuƙar yana nan.

Akwai kuma nakolefsi, cutar da ke sa barci ya riƙa fizgar mutum da rana, wadda ba ta da yawa amma takan ɓuya a bayan minshari shekara da shekaru. Yawanci tana farawa ne tun ƙuruciya ko farkon samartaka, saboda haka tambayar ita ce ko tun kana makarantar sakandare aka san ka da barci a aji. Babbar alamarta ita ce gwiwoyi su saki ko muƙamuƙi ya faɗi idan mutum ya tuntsire da dariya ko ya fusata, alhali yana cikin hayyacinsa. Takan zo da yawan dannau da ganin abubuwa a bakin barci, ko da yake dannau shi kaɗai yana samun masu lafiya da yawa, ba hujja ba ne. Ana tabbatar da ita da gwajin rana: a ba mutum damar kwanciya sau biyar, tazarar awa biyu-biyu, a auna saurin da barci ke ɗaukarsa. In matsakaicin bai wuce minti 8 ba, kuma sau biyu ko fiye ya faɗa barcin mafarki kai tsaye, zargi ya yi ƙarfi.

Wanda aka bi duk waɗannan aka ga yana sa na'ura awa 7, ba yoyo, numfashi ya daidaita, jini lafiya, rai lafiya, kuma har yanzu barci na fizgarsa, shi ne ainihin mai ragowar barcin rana. Ciwonsa na gaske ne, ba lalaci ba ne. Gwaje-gwajen da Sigrid Veasey ta jagoranta a Jami'ar Fensilbaniya sun nuna cewa ɓerayen da aka daɗe ana rage musu oksijin ana mayarwa, irin yadda ke faruwa ga mai wannan ciwo, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu masu riƙe farkawa suna lalacewa, kuma barcin ba ya barinsu ko bayan an daina. Ana kyautata zaton wani abu makamancin haka na samun mutumin da ya yi shekaru da ciwon kafin a gano shi. Ga irin wannan majinyaci ne aka tanadi magungunan farkarwa. Amurka ta amince da modafinil domin wannan a 2004, da solriamfetol a 2019. Turai ta amince da pitolisant a 2021, amma tun 2010 hukumar magungunanta ta ba da shawarar a taƙaita modafinil ga masu nakolefsi kaɗai, saboda illolinsa ga fata, zuciya da tunani. Wannan saɓani tsakanin hukumomi biyu ya isa ya nuna maka ba ƙwayar da za a saya a kemis ba ce. Modafinil da solriamfetol duka suna iya ɗaga hawan jini, wanda dama da yawa daga cikin masu toshewar numfashi suna da shi. Modafinil yana kuma raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa, abin da ya kamata mata masu wannan lalura su sani. Babu ɗayansu da ke buɗe maƙogwaro, saboda haka wanda ya sha ya ji garau ya ajiye na'ura, oksijin ɗinsa zai ci gaba da faɗuwa kowane dare, zuciya da jijiyoyi na ɗaukar nauyin. A ra'ayina, mutum mai shekara hamsin da wani abu bai kamata a fara masa su ba sai an ga katin na'urarsa na aƙalla wata guda yana da kyau, an kuma auna jininsa ya zauna.

Rage ƙiba, in akwai ta, yana taimakon kowane ɓangare na wannan matsala. A watan Disamba na 2024 Amurka ta amince da allurar tirzepatide ga masu ƙiba da ke da wannan ciwo, amma tsadarta ta fi ƙarfin yawancin mutane, kuma tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum da rage tuwon dare da lemon kwalba suna nan a hannun kowa.

Ka nemi ganin likitan da ya ɗora ka a kan na'urar, ko likitan ƙirji a asibitin koyarwa mafi kusa da kai, cikin sati biyu masu zuwa. Ka tafi da na'urar gaba ɗayanta, da katinta, da tiyo, da takunkumin da kake sawa, domin a sa maka shi a kunna a ga inda yake yoyo kana kwance. Ka zuba duk abin da kake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Ka riƙe takardar gwajin barcinka na farko da rubutun sati biyun nan. In da hali maiɗakinka ta raka ka, domin ita ce ta san ƙarfe nawa takunkumin ke barin fuskarka, ko bakinka na buɗewa, ko ƙafafunka na harbi, da kuma inda kake ƙarasa barci bayan ka dawo daga masallaci.